Muhawara: Ya tsira daga sansanin Hitler, ya dawo yana ba da dariya a sansanin wasa

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan a taya ni dubawa. Kun san ni da kallon tsofaffin wasannin Turawa idan barci ya ƙi zuwa. Na kusa wata guda ina bin wani na barkwanci na Amurka mai suna Hogan's Heroes, wanda tashar CBS ta nuna daga 1965 zuwa 1971, kashi 168. Labarin wasu sojojin ƙawance ne da Jamusawa suka tsare a lokacin yaƙin duniya na biyu, su kuma suka mayar da masu gadinsu abin wasa. Sun haƙa hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, suna fita suna dawowa kamar gidan ubansu. A cikinsu akwai wani ɗan gajeren Bafaranshe, Kofur LeBeau, shi ne kukun ɗakin. Da ɗan abin makulashe yake saye sajen da ke gadinsu, karnukan sansanin ma ya mayar da su abokansa. Shi ya fi ba ni dariya, sai na je neman ko wane ne. Sunansa Robert Clary. Ashe Bayahude ne haifaffen Paris, kuma shi kansa ya yi wata 31 a sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi. A Auschwitz aka kashe masa uwa da uba. Tun da na ga haka dariyar ta maƙale mini a wuya. Ta yaya mutum zai fito daga wannan wuta, bayan shekara 20 ya tsaya gaban kyamara kusa da masu sanye da kakin waɗanda suka ƙarar masa da dangi, yana ba duniya dariya? Ƙarfin zuciya ne ko neman abinci?

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam. Neman abinci mana, Yaya. Ɗan wasa da ya samu aikin shekara shida a talabijin ɗin Amurka, wa zai ce masa ya bari? Ciki ba ya karanta tarihi.

Malam Tarihi:
Ɗana Sarkin Gardama, ka ɗan sassauta, bari a san mutumin kafin a yanke masa hukunci.

Sunansa na yanka Robert Widerman. An haife shi ranar 1 ga Maris 1926, shi ne auta cikin 'ya'ya 14, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Poland zuwa Paris. Tun yana ɗan shekara 12 yake waƙa a rediyo. Wato sana'ar ba bayan yaƙi ya tsince ta ba, da ita ya tashi.

A 1940 Jamus ta mamaye Faransa. A watan Yulin 1942 'yan sandan Faransa, ku lura, na Faransa ba na Jamus ba, suka kwashe Yahudawa kusan 13,000 a Paris cikin kwana biyu, har da ƙananan yara. Sai a 1995 Shugaba Jacques Chirac ya fito ya amsa cewa gwamnatin ƙasar tana da hannu. Gidan su Robert a watan Satumba na wannan shekara ta 1942 aka zo kansu. Aka kai su Drancy a bayan garin Paris, inda ake tara mutane kafin a loda su a taragon dabbobi zuwa gabas. A lokacin wasu jiragen sukan tsaya a wani gari da ake kira Kosel kafin su isa Auschwitz, a sauke maza masu ƙarfi a tura su aikin bauta, jirgin ya wuce da tsofaffi da mata da yara. Shi yana ɗan shekara 16 ya faɗa cikin waɗanda aka ware don aiki. Ya sha faɗa daga baya cewa maganar ƙarshe da mahaifiyarsa ta yi masa ita ce ya nutsu, ya yi duk abin da aka ce ya yi. Mutum 12 na gidansu aka tafi da su, babu wanda ya dawo sai shi.

Ya zauna a sansanin Ottmuth, sannan na Blechhammer, inda ake tilasta wa fursunoni aiki a masana'antar da ke tace kwal a samu man fetur don yaƙi. A 1944 aka mayar da Blechhammer reshen Auschwitz. Lambar da aka zana masa da allura da tawada a hannun hagu ita ce A5714, da ita ya shiga kabari. A Janairun 1945 da sojojin Rasha suka matso, aka kora su a ƙasa cikin dusar ƙanƙara zuwa sansanin Gross-Rosen, wanda ƙafarsa ta gaza a harbe shi a bakin hanya. Daga can aka kai shi Buchenwald, kusa da garin Weimar. Ranar 11 ga Afrilu 1945 sojojin Amurka suka iso. Yana da shekara 19.

To wannan shi ne mutumin da kake cewa ciki ne kawai.

Sarkin Gardama:
Allah ya ba ka haƙuri Baba Malam, ban ce bai sha wuya ba. Cewa na yi wuyar ba ita ta biya masa kuɗin haya a Amurka ba.

Maman Sadiƙ:
Innalillahi. Ni maganar uwar nan ce ta tsaya mini. Ka san ba za ka ƙara ganin ɗanka ba, ba ka da abin ba shi, ko tsinke, sai "ka nutsu". Duk uwa ta san wannan kalmar, ita muke faɗa a bakin ƙofa ranar da za a kai yaro makarantar kwana.

Ɗan Kasuwa:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da wasu ke ƙunshewa. Me ya kai mu zaman makokin Bayahude alhali muna ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa? Su da aka yi wa haka, ai su ya kamata su fi kowa sanin zafin abin.

Malam Tarihi:
Alhaji, zafin da kake ji kan Gaza ni ma ina jinsa, babu mai imani da zai ga gawar yara ya kau da kai. Amma yaron da muke magana an kama shi a 1942, shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Bayan yaƙi Paris ya koma, daga nan Amurka, waƙa da wasa ya yi har ya tsufa. Wane laifi za ka ɗora wa ɗan shekara 16 da aka loda a taragon shanu? Littafinmu ya ce babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani. Ranar da muka fara auna zalunci da ƙabilar wanda aka yi wa, mun karɓi ma'aunin Hitler ke nan ba mu sani ba.

Kuma tun da ka kawo addini: babban masallacin Paris an buɗe shi a 1926, shekarar da aka haifi Robert. A lokacin mamayar, shugaban masallacin, Si Kaddour Benghabrit, ya rufa wa wasu Yahudawa asiri da takardun shaidar cewa Musulmi ne. Cikinsu akwai mawaƙin nan ɗan Aljeriya, Salim Halali. Su da suke wurin ba su tsaya tambayar ko ya cancanci tausayi ba.

Ɗan Kasuwa:
Na ji, Malam. Ban san zancen masallacin ba. Amma ina nan kan cewa duniya tana da gawar da take yi wa kuka da wadda take tsallakewa.

Mai Unguwa:
Wannan gaskiya ce Alhaji, kuma ta isa a buɗe mata nata zaure. A nan mu tsaya kan tambayar Baban Ummi don Allah, kada zaren ya tsinke.

Ɗan Dandali:
Bari in sa baki a matsayina na wanda ya yi shekaru yana wasan daɓe. Abin da ya fi ɗaure mini kai ba Clary ba ne, waɗanda suka fito a Jamusawan ne. Kanar Klink, kwamandan sansanin, Werner Klemperer ne ya fito a shi, ɗan shahararren jagoran makaɗan nan Otto Klemperer, wanda asalinsa Bayahude ne, iyalin suka bar Jamus bayan Hitler ya hau mulki. Saje Schultz mai tumbi, John Banner ne, Bayahude daga Ostiriya, yana wasa a Suwizalan a 1938 lokacin da Hitler ya haɗiye ƙasarsu, bai koma ba, ya wuce Amurka, danginsa da ya bari aka hallaka. Janar Burkhalter kuwa Leon Askin ne, Bayahuden Biyana, babban birnin Ostiriya, iyayensa a sansanin Treblinka aka kashe su. Har Manjo Hochstetter na 'yan sandan ciki, Howard Caine, Bayahuden Amurka ne. Ku duba fa: kusan duk manyan masu kakin Jamus a wasan Yahudawa ne.

Kuma Klemperer da sharaɗi ya karɓi aikin: Klink ba zai taɓa yin nasara ba, ko sau ɗaya. Kullum shi ne wawa. Da wannan wautar ya ci lambar yabo ta Emmy ta wasannin talabijin sau biyu, 1968 da 1969.

Mu a nan mun san wannan dabarar. Yaran tashe idan suka kwaikwayi mai iko, ba girmama shi suke yi ba. Wanda ya ce shi jinin sarautar duniya ne, ya gina mulkinsa kan a ji tsoronsa, ka mayar da shi abin da yara ke yi wa dariya bayan cin tuwon dare, ai ka yi masa abin da harsashi bai yi ba.

Sarkin Gardama:
Yawwa, nan nake jiran ku. Dariyar tana da kaifi biyu, Yaya Ɗan Dandali. Yaron Amurka da aka haifa a 1955, bai ga yaƙi ba, abin da ya sani game da 'yan Nazi shi ne wani saje mai tumbi da ake saye da fanke. Idan wawaye ne haka, wa ya kashe mutum miliyan shida? Wawa ba ya tsara jiragen ƙasa daga Paris zuwa Poland a kan lokaci. Masu ilimi ne suka yi, da injiniyoyi da likitoci da akawuna. Wasan ya wanke su, ya mayar da kura tunkiya.

Ɗan Dandali:
Ka faɗi magana, ƙanena, ba zan ƙi ba. Amma ka san kalmar da aka fi sanin Saje Schultz da ita? Duk abin da ya gani sai ya rufe ido ya ce shi bai ga komai ba, bai san komai ba. Wannan ita ce amsar da Jamusawa da yawa suka bayar bayan yaƙi da aka tambaye su ina maƙwabtansu suka tafi. Yanzu ka sa ta a bakin mutumin da aka kashe wa dangi, yana maimaita ta mako-mako shekara shida. Kai kana ganin bai san abin da yake faɗa ba?

Sarkin Gardama:
Shi ya sani. Mai kallo yana tauna gyaɗa ne bai sani ba.

Baban Ummi:
Shi Clary kansa an yi ta yi masa wannan tambayar. Amsar da yake bayarwa ita ce wasan ba a sansanin gwale-gwale aka kafa shi ba, a sansanin fursunonin yaƙi ne, kuma tsakanin biyun kamar dare da rana ne. Sojan da aka kama yana da yarjejeniyar Geneva ta 1929 a bayansa, yana samun wasiƙa da ƙunshin Red Cross, ba a tura shi ɗakin iskar guba. Su kuwa Yahudawan ba a ɗauke su mutane ba ma balle a yi zancen haƙƙi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Nijeriya. Ina bin ku tun safe, nan ne zan shigo. Wannan amsar tasa gaskiya ce, amma ga farar fata na yamma kawai: Ba'amurke da Baturen Ingila. Sojojin Tarayyar Sobiyet da Jamus ta kama, kusan miliyan uku suka mutu a hannunta, yawanci da yunwa. Mu kuma nan ƙasashen da Faransa ta mallaka an kwashi kakanninmu a rundunar da ake kira tirayar, duk da sunan Senegal aka laƙa mata, daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma aka ɗebo su. A watan Yunin 1940 a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus suka ware baƙaƙen da suka miƙa wuya daga Turawan, suka kashe su. Maƙabartarsu tana nan har yau, an gina ta da jar katanga irin ginin ƙasarmu. Waɗanda aka bari da rai ma yawancinsu a Faransa aka tsare su, don ba a so baƙar fata ya taka ƙasar Jamus. Léopold Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Senegal, yana cikin waɗanda aka tsare. To ku gaya mini, wace Geneva ce ta yi musu rana?

Malam Tarihi:
Madalla da wannan gyara, ɗan'uwa. Mu namu sojojin ƙasar Bama (Burma) aka kai su, shi ya sa wannan ɓangaren ba ya cikin hirar tsofaffinmu. Ka ga ke nan ko shi Clary da ya ga wuta da idonsa, iya ɗakin da aka kulle shi ya sani.

'Yar Barno:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Mu mun bar garinmu da daddare da kayan jikinmu, ƙanin mahaifina da 'ya'yansa biyu ba su fito ba. Shekarun farko a inda muka sauka, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu zuwa jaje da ke son su ga ina kuka. Idan suka tarar muna dariya sai ka ga fuskarsu ta canja, kamar mun ci amanar mamatan. Akwai wata gwaggona da ke kwaikwayon yadda ta haye katanga da zane ɗaya a daren, tana yi muna faɗuwa don dariya, ita da ta rasa ɗa. Idan wani daga waje ya yi wannan kwaikwayon sai na mare shi. Ita kuwa nata ne.

Don haka ni ba zan tambayi mutumin nan me ya sa ya yi dariya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zan tambaya shi ne, su masu kallon da ba su rasa kowa ba, da wane baki suke dariyar?

Maman Sadiƙ:
Allah ya jiƙansu, 'yar'uwa, ya sa sun huta. Wallahi kin sa na ajiye wayar na ɗan zauna.

Sarkin Gardama:
Amin. Yaya 'Yar Barno, tambayarki ita ce tawa, kin dai fi ni iya faɗa.

Ɗan Dandali:
Akwai wani abu kuma. A sansanin ma waƙa Clary yake yi. Ya ce ranar Lahadi, mako ɗaya a tsallake ɗaya, yakan yi wa sojojin SS, dakarun Nazi masu gadin sansanin, waƙa wani na kaɗa masa akodiyon, kuma yana ganin waƙar da ƙuruciyarsa da lafiyar jikinsa su suka sa ya rayu. Wato tun yana yaro ya san mene ne tsayawa gaban masu kaki ka nishaɗantar da su don ka ga gobe. A 1965 aƙalla kakin na haya ne, kuma in an gama ɗauka gida zai tafi.

Malam Tarihi:
Haka ne, sai dai kada mu ɗauka baiwa tana ceto. Kurt Gerron ya fi shi suna nesa ba kusa ba, babban ɗan wasa ne a Berlin tun kafin Hitler. An tsare shi a sansanin Theresienstadt, a 1944 aka sa shi ya shirya fim na farfaganda da ke nuna wai Yahudawa suna zaune lafiya a can. Yana gamawa aka sa shi a jirgi zuwa Auschwitz, a watan Oktoba aka kashe shi da matarsa. Shi ma ya yi duk abin da aka ce ya yi. Cikin Yahudawa kusan 76,000 da aka kwasa daga Faransa, 'yan dubbai kaɗan ne kawai suka dawo. Kwana ne kawai na Robert bai ƙare ba.

Baban Ummi:
Baba Malam, bayan yaƙin fa, yaya aka yi ya kai Amurka?

Malam Tarihi:
Ya koma Paris ya tarar da wasu 'yan'uwansa da ba a kama ba suna raye. Ya koma waƙa a gidajen rawa, faya-fayansa suka kai Amurka, a 1949 ya bi su. Can ya haɗu da fitaccen ɗan barkwanci Eddie Cantor wanda ya riƙe shi kamar ɗa, daga baya ma, bayan rasuwar Cantor, a 1965 ya auri 'yarsa Natalie, suna tare har ta rasu a 1997. Ya yi wasan daɓe a Broadway, dandalin wasanni na New York, a 1952. Bayan Hogan's Heroes ya yi shekaru a wasannin nan masu dogon zango na rana, ya fito a fim ɗin The Hindenburg a 1975, yana kuma zane.

Amma abin da nake so Sarkin Gardama ya ji shi ne wannan. Shekara 36 mutumin nan bai buɗe baki a bainar jama'a kan abin da ya same shi ba. Sai wajen 1980, da masu cewa wai kisan kiyashin ƙarya ne suka fara samun masu saurare, ya ga shirun ya isa. Ya haɗa kai da cibiyar Simon Wiesenthal da ke Los Angeles, mai wayar da kai kan kisan kiyashin, ya riƙa bin makarantun sakandare yana ba yara labari. Kuma me ya sa yaran ke cika ɗakin? Don sun san LeBeau. Ɗan gajeren kukun nan da suke yi wa dariya a talabijin ne ya zo, ga lamba a hannunsa. Wasan da ka ce ya wanke kura, shi ya buɗe masa ƙofar ajin. A 2001 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa. Ya rasu ranar 16 ga Nuwamba 2022 yana da shekara 96.

Sarkin Gardama:
Na karɓi wannan, Baba. Amma a lissafa: yara nawa suka zauna a ajin, mutum nawa suka kalli wasan? Miliyoyi sun ga sajen mai tumbi, dubbai suka ga lambar. Kuma da a ce wasan ya isa, da bai buƙaci bin makarantu yana gyara ba.

Malam Tarihi:
Ban ce ya isa ba. Shi ma bai ce ba.

Ɗan Damagaram:
Wani abin mamaki, daga baya an juya wasan zuwa Jamusanci, kuma ya samu karɓuwa a Jamus ɗin kanta. Jikokin masu kakin suna dariyar kakanninsu. Wannan kuma ban san a wane ɓangaren gardamarku zai faɗa ba.

Ɗan Dandali:
Kowa zai ja shi gefensa, ka bari kawai.

Baban Ummi:
Jiya da daddare na sake kunna kashi ɗaya don in gwada kaina. Na yi dariya, ba zan yi muku ƙarya ba, wurin da yake lallaɓa karnuka. Amma duk sanda ya miƙo faranti idona na kan hannun hagunsa. Gobe in Allah ya kai mu zan gwada na gaba.

'Yar Barno:
Baban Ummi, turo mini sunan wasan yadda ake rubuta shi. Zan nuna wa gwaggona, ita ce za ta raba mu.